Shekarar da Na Goyi Tukunyar Gas

Ranar sunan jikata ta ƙarshe, ina bayan ɗaki ina tsame masa daga tanda, na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa matar wanta cewa ni ce na tona asirin ubanku, na sa aka raba shi da ruwa. Ba zan faɗi wace ce ba, ta san kanta. Ban kuma yi fushi ba, abin da ta taso ta ji ana faɗa ke nan. Maganar ma gaskiya ce, ni na yi. Sai dai wanda ya ba ku labarin daga wutsiya ya kama, ni kuwa zan faro muku daga kai. Tunda Allah ya sa na koyi ɗan rubutun nan a makarantar manya, gara in ajiye muku shi a takarda, kada in mutu in bar ku da bakin mutanen gari.

Ubanku Gado ba ɗan masunta ba ne. Ba'are ne gaba da baya, kakanninsa gero suka sani da farauta. Gonar da ya gada tudu ce mai yashi, ko a shekarar albarka ba ta kai mu wata bakwai. Tun yana saurayi ya liƙe wa wasu Kabawa da ke zuwa su a tabkin garinmu, can cikin fadama a ƙasar Gecheme, yana ɗaukar musu kaya suna zaginsa, har ya iya. Ya koyi hawa gora, wato babbar gorar nan da masunci ke kifa cikinsa a kai ya tuƙa da hannu da ƙafa. Ya koyi kafa mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi rututu, a kafa ta da magariba a je a duba kafin asuba. Shi ya kamo tarwaɗa da karfasa, ni in soya ko in yi banda in kai kasuwa, da haka muke toshe giɓin rumbu. Amma a wurinsa abin ya wuce neman abinci. In ka ce masa manomi da ƙyar yake amsawa, in ka ce masunci sai ka ga ya gyara zaman hula.

A kakar waccan shekara na fara lura da wani abu. Da rana ta faɗi sai ya yi ta cin karo da turmi, ya ce yara ne ba su iya ajiye kaya ba. Turmin nan kuwa tun da aka kawo ni gidan yake wurin. Ya kai hannu akushi ya wuce tuwo ya dafa ƙasa. Ana haka ya ja ragon da muke kiwo ya tafi Dogon Dutsi, ya dawo da fitilar gas sabuwa, mai gilashi, da 'yan tukwanenta shuɗaye guda biyu, kowace ba ta fi girman jariri ba. A lokacin waɗannan fitilu masu caji ba su zo ba, masunta da farin wata suke aiki ko 'yar tocila mai batir. Da ya kunna ta a tsakar gida har kaji suka farka. Abokan sana'a suka yi ta yi masa ba'a, wai Gado ya kawo birni bakin tabki. Ni ban yi dariya ba, don na gane abin da fitilar take rufewa. Na bari sai da yara suka kwanta.

"Maigida, tun yaushe ba ka gani da dare?"

"Wa yag gaya miki?"

"Turmin da kake ma gaisuwa da ƙahwa kullum."

Sai ya ce, "Kulu, in maganag ga ta hita ɗakin ga, na ƙare."

Dole in gaya muku abin da yake tsoro, don yanzu al'adar ta mutu. Tabkinmu yana da Sarkin Ruwa, a lokacin wani tsoho ne Tanko, cikin Kabawan da suka zauna suka zama 'yan gari. Dokarsa ita ce duk wanda ido ko ƙarfi ya gaza masa ba ya sake shiga ruwa, domin in mutum ya nitse akan rufe tabkin shekara guda cur, kowa ya sha wahala. Tsofaffi na cewa doguwar tabkin ce ke fushi, samari masu wa'azi na cewa wannan shirme ne, amma ko su ba sa sayen kifin ruwan da ya ci mutum. Ba a korar mutum da baki. Sarkin Ruwa kan zo gidanka da dattijo biyu, a gaisa, ya ce sun zo aron gora. Aron da ba a mayarwa ke nan. Sai a kai gorar a rataye a jikin wani gawo da ke bakin tabki, kowa ya wuce ya ganta ya san ta wane ce.

Na ɗauka dundumi ne irin na yunwa, wanda hanta ke warkarwa. Kowace ranar kasuwa sai na sayo hanta na gasa masa a ɓoye, har mahauci ya fara tsokanata wai wannan ciki nawa sarki zan haifa. Ina da ciki kuwa, wata huɗu, na Auta. Hanta ba ta yi komai ba. Na matsa masa ya je asibiti a Dogon Dutsi da sunan sayen ƙugiya. Ya dawo, sai bayan kwana biyu ya faɗa mini likita ya ce idon ba ya dawowa, sai dai ya yi ta raguwa, kuma kada ya kuskura ya shiga ruwa da dare. Ya faɗa mini wannan yana gyaran mamari, yana shirin fita.

Ga yadda fitilar ke masa aiki. Yakan kafa ta a kan gwafa a bakin gaci, ya hau gora ya bi igiya da hannu, don hannunsa ya fi idon mutane da yawa gani. In ya gama, ba ya ganin gaci, ba ya ganin itace, hasken nan fari kaɗai yake hangowa ya nufo shi. Muddin fitila na ci da ƙarfi, Gado masunci ne kamar kowa. To sai sanyi ya shigo. Sanyin fadama ba irin na tudu ba ne, daga ruwa yake tasowa ya shiga ƙashi. Ashe gas ma yana jin ɗari. Da farkon dare fitila ta yi ta huci tana haske, amma can wajen asuba, daidai lokacin duba mamari, sai tukunyar ta yi raɓa ta yi sanyi ƙarara, hucin ya ragu, hasken ya koma ja ya tsuke. Wata safiya ya dawo jiƙe sharkaf har wuya, leɓe ya yi fari, ya ce hasken ya ɓace masa yana tsakiyar ruwa, ya yi ta kewaya cikin ciyawar kacalla har gari ya waye.

Ranar kasuwa na shiga mota da kaina na je wurin mai sayar da fitilar, wani saurayi mai ɗan gemu da ɗangalallen wando, mai ladabi. Na ce masa tukunyarsa ta jabu ce. Ya yi dariya ya ce lafiyarta lau, haka gas yake, in ya ji sanyi ba ya tashi. A sa ta cikin ruwa mai ɗumi, ko a rungume ta a jiki, amma ko da wasa kada a kai ta kusa da wuta, don in ta fashe ba a tsintar mutum cikakke. Ina cikin mota ina dawowa ina ta juya maganar. Ruwan ɗumi a bakin tabki ba ya rabin sa'a ya huce. Jiki kuwa ba ya hucewa sai mai shi ya mutu, kuma ni bayana ya goyi 'ya'ya huɗu, ya san aikinsa. Kafin mu iso gari na yanke shawara.

Daga ranar na zama mai fitila. Tukunya ɗaya na kan gwafa tana ci, ɗayar na bayana, na goye ta da zane na ɗaure da majanyi, na rufa da bargo. Kada ku ji an ce goyo ku zaci daɗi. Ƙarfe ne mai sanyi a kan fata, sai ya gama zuƙe ɗumin jikina sannan ya yi amfani. Da na ga hasken ya fara ja, sai in yi tari sau biyu, ubanku ya kama turken mamari ya tsaya cak. In kashe fitila, in jira kanta ya huce, in kwance shi a hankali cikin duhu, in ɗaura a kan mai ɗumin, in goye mai sanyin. A wannan ɗan tsakanin ba shi da komai a duniya sai muryata, don haka ba na yin shiru. Ina yi masa mita a kan akuyar uwarsa da ke cinye mini tsaki, ina lissafa masa laifofinsa tun na shekarar aurenmu. Ya taɓa cewa da ya san haka zai sha, da ya gwammace duhun.

Da rana kuma aikin fitila bai ƙare ba, kuma ban yarda kowa ya taɓa ta ba. Abin da ke ba da hasken wata 'yar riga ce ta zare, suna kiranta manshon. Da an ƙona ta sau ɗaya ta zama toka a tsaye, ko ƙuda ya sauka a kai da ƙarfi sai ta rushe. Don haka cikin ƙwarya nake ɗaukar kan fitilar, na shimfiɗa auduga, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Gilashi in goge shi da toka mai laushi da tsumma busasshe, ba a sa masa ruwa yana da zafi. 'Yar ƙofar da gas ke fitowa in tsokane ta da siririyar waya. Wuyan tukunya in shafa masa kumfar sabulu, in na ga kumfa na tashi na san yana yoyo, in sake robar. Tukwanen kuma a inuwar rumbu suke wuni, nesa da murhu. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi fitilar ƙwai ba, na zama gwana har ina jin lafiyar fitila daga hucinta.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Mace ba ta zuwa tabki da dare, balle mai ciki, balle da goyon abin da ba ya kuka. Wasu suka ce kishi ne, ina gadin mijina. Wasu suka ce doguwar tabki ta hau kaina, ɗanta nake reno. Wata maƙwabciya ta daina karɓar wuta a gidana. Kakarku Zali, uwar ubanku, da ke ɗakin gabas, kullum da safe sai ta yi waƙarta, wai macce bakin tabki da dare, gidansu ba a taɓa yi ba. Na toshe kunne. Duk abin da za su faɗa a kaina ya fi mini sauƙi a kan su faɗi gaskiya a kansa, kuma ba na ɓoye muku, ina jin daɗin daren nan. Ban taɓa yin kusa da ubanku kamar a wannan sanyin ba.

Wata biyu da 'yan kwanaki muka yi a haka. Sannan ciki ya tsufa, majanyi ya daina kamawa, tarin da nake yi na alama ya zama na gaske, ya sauka ƙirji. Na faɗi a bakin murhu wata safiya, aka kai ni ɗakin shan magani, ungozoma ta ce in ina son abin da ke cikina in zauna gida in sha ɗumi. Na roƙi ubanku ya dakata har in haihu. Ya ce yanzu ne kifi ke kasuwa, kuma in aka ga wurinsa wayam za a fara tambaya. Ku kuwa ƙanana ne, ba zan ɗora wa yaro asirin da ya fi ƙarfin bakinsa ba. Ya rantse mini zai tafi da buta ya riƙa ɗumama ruwa. Kwana tara yana fita shi kaɗai, ni ina kwance ido biyu.

A safiya ta goma na ji ƙarfi, na rarrafa inuwar rumbu in duba kayana. Na juya tukunya ɗaya, sai na ga gindinta baƙi ƙirin, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje ya ɓare. Na juya ta biyun, haka. Na duba robar wuya, ta narke gefe guda. Na ɗaga kai na dubi ubanku yana shanya igiya, sai a lokacin na lura girarsa ta hagu babu rabi. Na nuna masa gindin tukunyar.

"Bisa garwashi kake ɗora ta?"

"Ɗan kaɗan na, ta ji ɗumi. Ruwa ba su jimawa."

"Maigida, abin ga in ya hwashe, mi za a kawo min in yi ma wanka?"

"Rai na Allah na," in ji shi, ya ci gaba da shanyarsa.

Na san rai na Allah ne, amma Allah bai ce a ɗora tukunyar gas a kan garwashi ba. Na ce zan ɓoye fitilar, ya ce sai ya tafi da tocila, ya san kuma na san tocila ba ta isar idonsa. Na je ɗakin kakarku, na durƙusa da cikina, na yi niyyar fasa mata ƙwan don ta tsawata masa. Ashe ta riga ni sani. Ta ce ita ta haife shi, tun kafin ni ta ga yadda yake lalube.

"Ki yi kurum, Kulu," ta ce. "Namiji gara ya mutu da goratai da ya zamna awa tsohuwa bakin murhu."

A nan na gane ni kaɗai ce a gidan ke son Gado ya rayu ko da ba masunci ba ne. Shi kansa ba ya cikinmu. Na koma ɗaki na yi kuka na more, don na san abin da zan yi da abin da zai ci mini. Da hantsi na yi wanka, na sa zanen fita, na ɗauki tukunya ɗaya a cikin kwando na rufe da faifai. Ban bi bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa na bi, don ba sata zan yi ba. Na samu Tanko a zaurensa yana ɗinkin raga. Na gaishe shi, na ajiye tukunyar a gabansa, na kifa ta ya ga gindin, na gaya masa komai tun daga turmi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya daɗe yana zargi, don bai taɓa ganin masuncin da ke buƙatar rana a tsakiyar dare ba, amma doka ba ta aiki da zargi.

"Ɗiyata, kin san abin da kinka ɗauko? Shina iya sakinki."

"In ya sake ni, Baba, da rai ya sake ni."

Bayan la'asar suka zo, shi da dattijo biyu. Aka shimfiɗa tabarma, na kai ruwa, aka tambayi lafiyar iyali da ta sanyi. Sannan Tanko ya ce sun zo aron gora. Ina leƙe ta jikin zana. Ubanku bai tambayi dalili ba, bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya shiga ya ɗauko ta, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙa da hannu biyu, ya raka su har ƙofar gida. Ban taɓa ganin namiji irin na wannan yammacin ba, kuma ban taɓa jin na cuci mutum kamar yadda na ji ba. Tanko bai ambaci sunana ba, da na so da na yi shiru an ɗora wa wani. Amma ba na son ya riƙa kallon abokansa da zargi. Da ya dawo ya zauna na tsaya a gabansa na ce masa ni ce. Ya ce ya sani, ya ga tukunya ɗaya babu.

Yanzu ga kuɗin abin, don kada ku ce na ɓoye. Kakarku ba ta ƙara ce mini sannu ba, ko da na haifi Auta ba ta dafa mini ruwan wanka ba, sai 'yar uwata ta zo daga Matankari. Ubanku bai sake ni ba, amma shekara biyu magana tsakaninmu ba ta wuce ta gishiri da hatsi ba. Bai sake cin kifin da ya bi ta hannuna ba har ya koma ga Allah, ko da kuwa na saye ne. Ya kama lambu a fadama, yana noman rake da rogo da rana, ya kuma iya, amma ko sau ɗaya bai bi hanyar gawon nan ba, gara ya yi zagaye mai nisa. Rumbu ya riƙa ƙarewa tun kafin shuka. Kai babba, da ba na kiran sunanka, a shekarar ka bar lakwal, wato makarantar boko, ka kama lambu da shi, alhali kai ne na ɗaya a ajinku. Wannan na sani, yana kuma cina har gobe. Ni ma tarin nan da kuke ji, na waccan shekarar ne.

Shekara goma sha huɗu ya yi bayan haka. Idon ya tafi gaba ɗaya a ƙarshe, ya aurar da biyu cikinku yana shafa fuskar angwaye da hannu, ya yi wa jikoki uku huɗuba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na ga alamar tafiya ce, na sallami kowa na zauna kusa da shi don mu yafi juna kamar yadda ake yi. Na roƙe shi gafarar kaifin bakina, da ranakun da na yi masa tuwo da fushi, da duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe.

"Na yahe. Saura guda."

"Wacce?"

"Kin sani."

"Wagga ba ni roƙon gahwara kanta, Maigida. Ko yau anka maido ni, gidan Tanko za ni."

Sai na ji yana wata 'yar dariya da ta koma tari. Ya ce taurin kaina ko jaki ya sara mini, in riƙe tawa shi ma ya riƙe tasa. Amma hannuna bai saki ba har aka kira magariba.

Ya cika washegari da hantsi, a kan tabarmarsa, jikinsa cikakke, ku biyar kuna kewaye da shi, Auta na ɗiga masa ruwa a baki. Bai yafe mini wannan ɗayar ba, ni kuma har yau ban roƙa ba.